Kundin Aikin Fim ɗin Kurmi da Karofi

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Yau muka zauna mu huɗu a ofis muka tsayar da magana cewa fim ɗin tarihin kasuwancin Kano, wanda muka shekara biyu muna ɗage shi, za a fara shi a wannan hunturu, a kuma gama ɗaukar hoto kafin azumi ya kama. Ni ne mai tsara labari da riƙe kuɗi, sai mai ɗaukar hoto, da mai sauti, da ƙaraminmu wanda yake tace bidiyo a kwamfuta. Abin da kamfaninmu ya saba ci da shi shi ne ɗaukar biki da taro da tallar 'yan kasuwa, kuma ba mu taɓa yin aikin da ya wuce minti goma ba, alhali wannan muna so ya kai minti talatin.

Mun taƙaita shi ga wuri biyu, Kasuwar Kurmi da karofin Ƙofar Mata, domin duk wanda ya ce zai ba da labarin cinikin Kano gaba ɗaya cikin rabin awa, ƙarshenta sunayen kasuwanni kawai zai jera. Kantin Kwari da Dawanau da Singa sai wani jiƙon.

Ƙiyasin kuɗin aikin ya kama naira 1,850,000, ban da ladanmu. Abin da ke hannu naira 500,000 ne, ragowar bukukuwan Disamba. Sauran muna sa ran ya fito daga aikin talla da muke magana a kansa da wani mai masana'antar takalma da jakunkunan fata, wanda ke nufin ayyuka biyu za mu riƙa ja a lokaci ɗaya, ɗaya yana ciyar da ɗaya.

Alhamis, 9 ga Janairu

An kai takardun neman izini Gidan Ɗan Hausa da Gidan Makama, an kuma je gaida shugabannin kasuwa da na karofi. Ko'ina an karɓe mu da mutunci. Sufuri da buga takardu, naira 14,000.

Asabar, 11 ga Janairu

Kwana uku ke nan ina karatu ina fitar da shekarun da za su zama ƙashin bayan labarin. Tarihin sarakunan Kano ya sa mulkin Muhammadu Rumfa daga 1463 zuwa 1499, kuma shi ake danganta wa kafa Kasuwar Kurmi. Kafin shi, Wangarawa sun zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, ganuwa kuwa tun Sarki Gijimasu aka fara ta. A farkon 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shigo Kano, ya ƙiyasta mazauna birni sun kai 30,000, ya ce adadin yakan ninka a lokacin da fatake suka sauka. Ya kuma ƙiyasta cewa tufafin da Kano take saƙawa ta rina ta sayar a waje sun kai na wuri (kuɗin da ake ciniki da shi a wancan zamani) miliyan 300 a shekara, ana kai su har Gat da Murzuk da Tarabulus da Tambutu. Wannan adadi shi ne zai haɗa mana Kurmi da karofi, domin abin da aka tsamo daga rami shi ake kasawa a rumfa.

Shekarar da ake yawan ambata a kan karofin Ƙofar Mata ita ce 1498, wato ƙarshen mulkin Rumfa. Na yanke cewa a fim ɗin marina ne za su faɗe ta da bakinsu, mai sharhi ba zai faɗe ta ba. Ƙa'idar da muka yarda da ita ke nan a kan komai: abin da ya zo a rubuce, mai sharhi ya faɗa tare da inda ya fito, abin da ya zo ta gado kuwa, mai gadon ya faɗa, mai kallo ya ga fuskarsa.

Talata, 14 ga Janairu

Mun daidaita da Alhajin fata a kan naira 1,200,000. Zai sami bidiyo ɗaya na minti uku da zai riƙa tura wa masu sari a Legas da Ankara da Yamai, da gajeru uku na daƙiƙa talatin-talatin domin Instagram da WhatsApp, da rubutun fassara na Turanci da Faransanci a ƙasan hoto. Ya ba da rabin kuɗin kafin alƙalami. Na dage aka rubuta a takarda cewa gyara sau biyu ne kawai cikin wannan farashi, saboda bara mun yi wa wani gyara har sau tara, muka tashi ba riba.

Alhamis, 16 ga Janairu

Asarar farko. Mun yi jinga da mai jirgin ɗaukar hoto maras matuƙi a kan naira 60,000 a yini, muka hau Dutsen Dala tun bayan sallar asuba domin mu kama fitowar rana a kan birni. Jiya da yamma gari garau yake, amma cikin dare hazo ya sauko, har ya zamana daga kan Dala ba a ko hango Goron Dutse. Muka jira har ƙarfe tara ko zai ɗaga, bai ɗaga ba. Abin da jirgin ya ɗauko fari ne fat, sai rufin kwano 'yan kaɗan da ke gindin dutsen. Mai jirgi ya zo, ya tashi jirginsa, don haka kuɗinsa ya halatta, na biya ba tare da gardama ba.

Laifin nawa ne, domin na san Janairu ne, amma na ɗaure rana tun mako guda kafin lokaci. Nan gaba sai mun ga sararin sama da idonmu za mu kira shi. Mai ɗaukar hoto ya yi amfani da damar ya ɗauki masu hawa da sauka a matattakalar dutsen cikin hazo, kuma akwai daƙiƙa ashirin a ciki da za su dace da wurin da ake ambaton Barbushe, shugaban mazauna Dala na zamanin da.

Asabar, 18 ga Janairu

An wanke gilasan kyamara, an busa ƙura daga kwamfuta. An sayi faifan ajiya biyu, naira 170,000, ɗaya zai zauna a ofis ɗaya a gidana.

Litinin, 20 ga Janairu

Yinin farko a Kurmi. Mun shiga ta wajen Jakara tare da wani dattijo da shugabannin kasuwa suka haɗa mu da shi, kuma ba don shi ba da ba mu yi komai ba. Lungunan kasuwar matsattsu ne ƙwarai, ba inda za a kafa ƙafar kyamara ba tare da an tare wa masu dako hanya ba, ga shi haske yana shigowa ne ta tsakanin rumfuna kamar an yanka shi da wuƙa, rabin fuskar mutum a rana rabi a duhu. Dole mai ɗaukar hoto ya saɓa kyamara a kafaɗa yini guda.

Wasu sun ƙi yarda a ɗauke su, kuma dalilinsu mai ƙarfi ne. Wani mai sayar da linzami da sirdi ya ce an sha zuwa a ɗauke su, a tafi, ba su sake jin labari ba sai wani ya nuna musu fuskarsu a waya an ɗora mata maganar da ba su faɗa ba. Na yi masa alkawarin cewa duk wanda ya yi magana a fim ɗin zai gan shi kafin duniya ta gani. Sai da na faɗa na tuna cewa wannan alkawari yana da kuɗi, domin sai an yi hayar majigi da wurin nunawa, amma magana ta riga ta fita.

Mun sami masu kayan doki, da masu tsakiya da murjani, da dukawa, da masu tandu, da wani mai tsofaffin kuɗi wanda ya zuba mana wuri da anini a faifai. Ban san yadda za a nuna wa yaro ɗan shekara ashirin abin da ake nufi da wuri miliyan 300 ba sai da na ga wannan faifan.

Laraba, 22 ga Janairu

Karofi. Mun iso ƙarfe bakwai, kafin rana ta yi ƙarfi. Ramuka da yawa a bushe suke, wasu an rufe su, kaɗan ne ke da ruwa, kuma wannan shi ne abu na farko da ido ke gani tun kafin kowa ya buɗe baki. An nuna mana yadda ake haɗa rami da ruwa da baba (ganyen da ke ba da shuni) da toka da katsi (ragowar da ake kwashewa daga gindin tsohon rami), a bar shi ya ruɓa na kwanaki, ana motsa shi da doguwar muciya har kumfa ta taso. Mai ɗaukar hoto ya kama abin da na fi so, wato lokacin da aka tsamo ƙyalle yana kore-kore, iska ta buge shi, ya riƙa juyewa shuɗi a gaban ido.

Daga nan muka zauna da wani tsohon marini wanda ya ce tun yana yaro yake bakin rami tare da mahaifinsa. Na ce masa, “Baba, ba tambayoyi na zo da su ba, labari nake so.” Ya yi minti arba'in da biyar yana magana. Ya ba da labarin Buzaye masu zuwa sari, da yadda ake gane rami ya nuna ta hanyar wari da ɗanɗano, da yadda rinin bature da atamfar waje mai araha suka janye masu kawo aiki, da yadda 'ya'yansa biyu suka koma tuƙa Adaidaita Sahu. Bai yi kuka ba, bai kuma yi ƙorafi ba, sai dai akwai inda ya yi shiru yana kallon wani busasshen rami, ya ce na mahaifinsa ne. A hanyar komawa ofis na ce wa abokan aiki fim ya samu.

Alhamis, 23 ga Janairu

Fim bai samu ba. Da mai tacewa ya buɗe hirar jiya, hoto ya fito tsaf, amma muryar Baba tana can ƙasa kamar daga cikin rijiya, a samanta kuwa iskar hunturu ce da ƙahon motocin titin da ya wuce ta wajen Asibitin Murtala, da wani injin niƙa da ba mu ma lura da shi ba a lokacin. Da muka bi diddigi sai muka gano cewa wayar da ke haɗa na'urar karɓar sauti da kyamara ba ta shiga sosai ba, don haka kyamara ta koma naɗa da ƙaramin makirufon jikinta, wanda ke nesa da bakin Baba da taku shida. Makirufon da muka maƙala masa a wuyan riga yana aiki sarai, sai dai abin da yake aikawa ba ya isa ko'ina.

Abin da zai hana wannan shi ne mai sauti ya sa abin sauraro a kunne tun daga farkon hira har ƙarshe. Bai sa ba, saboda ni da kaina na ba wani abokin sana'a aronsa ranar Lahadi bai dawo da shi ba, na kuma ce mu tafi a haka, ai alamar sauti tana motsi a allon kyamara. Alamar kuwa tana motsi ne da ƙarar titi. Mai sauti ya so ya ɗauki laifin, na ce masa ba nasa ba ne.

Mai tacewa ya yini yana gwada manhajar rage hayaniya. Idan aka matsa ta har ƙarar titi ta tafi, muryar Baba takan koma kamar ta ƙarfe, baƙaƙen Hausa masu lanƙwasa su narke, “ƙarfi” da “karfi” su zama ɗaya. Cikin minti arba'in da biyar, abin da za a iya ji ba tare da wahala ba bai wuce daƙiƙa arba'in ba. Allah Ya sa wurin ramin mahaifinsa yana ciki, domin a daidai lokacin injin niƙan ya tsaya.

An kafa doka daga yau: ba hira sai da abin sauraro a kunne, ba hira sai da na'urar naɗa ta biyu, kuma sai an saurari minti na farko kafin a ci gaba. Sabon makirufo mai naɗa a jikinsa da abin sauraro, naira 85,000, waɗanda babu su a ƙiyasi.

Lahadi, 26 ga Janairu

An rubuta tsarin tallar fata, an tura wa Alhaji. An kwafe duk abin da aka ɗauka zuwa faifai na biyu.

Talata da Laraba, 28 da 29 ga Janairu

Yini biyu a masana'antar fata. Aikin talla ya fi sauƙi ta fuska ɗaya, domin mai wuri yana so a ɗauka, ma'aikata sun sa riguna iri ɗaya, an share ko'ina. Matsalar da muka samu ta wuta ce. Da aka ɗauke lantarki aka tayar da janareta, fitilun ɗakin ɗinki suka fara rawa a cikin hoto, layuka suna hawa suna sauka, duk da ido ba ya ganin komai. Kyamararmu tana kan hoto 25 a daƙiƙa, wanda ya dace da wutar ƙasar nan, amma janaretan ba ya riƙe gudu ɗaya, duk sanda aka kunna injin goge fata sai ya sassauta. Muka kashe fitilun ɗakin, muka buɗe tagogi, muka yi aiki da fitilunmu biyu masu batir.

Na roƙi Alhaji ya bari mu bi fatar tun daga majema, mu nuna jima da bagaruwa da shanya, kafin a zo yanka da ɗinki. Da farko ya ƙi, wai wurin ba shi da kyan gani, amma da na ce masa mai sari a Legas ya ga takalmi ya gaji, abin da bai taɓa gani ba shi ne hannun da ya jeme fatar, sai ya yarda da daƙiƙa goma sha biyar.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Yau shekara 122 cif da sojojin Ingila suka shiga Kano a 1903, kuma a kan wannan zamani muka yini muna jayayya. Mai ɗaukar hoto yana so a sa babi guda a kan zuwan jirgin ƙasa a 1911, da cinikin gyaɗa da ya biyo baya, da Alhassan Ɗantata wanda ya fara da fataucin goro ta hanyar Gwanja ya kuma rasu a 1955, da dalar gyaɗa. Hujjarsa ita ce dalar gyaɗa kowa ya san ta, ita za ta jawo masu kallo. Hujjata kuwa ita ce wannan fim ne na daban, kuma idan muka buɗe ƙofar gyaɗa, karofi zai koma ɗan rakiya.

Mun tsaya a kan minti biyu, kuma a kan abu ɗaya: yadda layin dogo ya juya fuskar ciniki daga arewa zuwa teku, ayarin raƙuma ya ragu, kantunan Turawa da na Kwara, wato Larabawan Lebanon da Siriya, suka kafu a wajen ganuwa, nauyin kasuwa ya fara barin cikin birni. Wannan ya shafi Kurmi kai tsaye. Sauran na ajiye a wani fayil da na sa wa suna “gyaɗa”.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Alhaji ya kalli zubin farko na tallarsa, ya yaba, sannan ya kawo buƙatar da ta cinye mana yini. Ya ji cewa muna fim a kan Kurmi, yana so a buɗe tallar da hoton ganuwa da kakaki, mai sharhi ya ce gidansu ya shekara ɗari biyar yana sana'ar fata, tun zamanin Rumfa. Na tambaye shi wa ya fara sana'ar a gidansu. Ya ce mahaifinsa, wanda ya zo daga ƙauye ya koyi dukanci a hannun wani maigida a cikin birni, ya fara da ɗinkin layu da kube.

Na ce, “Alhaji, ranka ya daɗe, za mu iya cewa sana'ar fata a Kano ta daɗe ƙwarai, har fatar ƙasar nan ta riƙa ƙetare hamada ana sayar da ita a Turai da sunan fatar Maroko, wannan gaskiya ne. Amma idan muka ce gidanka ne ya shekara ɗari biyar, akwai dattawa a Kurmi da suka san ranar da mahaifinka ya shigo gari.” Ya ce, “Malam, talla ce fa, ba wa'azi ba.” Ya kuma tuna mini cewa wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ga shi ragowar kuɗinmu naira 600,000 suna hannunsa.

Abin da ya sa na kafe ba tsoron Allah kaɗai ba ne, har da lissafi. Sunan kamfaninmu ɗaya ne a ƙarshen bidiyon biyu. Idan mutanen Kurmi suka ga mun ƙirƙiro wa wani asali saboda kuɗi, ba su da dalilin yarda da abin da za mu ce a kan kasuwarsu. Mun rabu ba a daidaita ba, ya ce zai yi tunani.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Mun koma wurin Baba. Na gaya masa gaskiyar abin da ya faru, ya yi dariya ya ce, “Yaro, mu ma rami yakan mutu mana bayan mun zuba masa baba.” Sauti ya fito tas a wannan karo, amma hirar ba ta kai ta farko ba. Labari ya bazu cewa za a sake ɗauka, ya sa babbar riga da hula, mutane sun kewaye mu, sai ya riƙa magana kamar mai jawabi a taro, yana godiya ga shugabanni yana kira ga gwamnati. Zancen 'ya'yansa bai taso ba, da na taɓo shi kuwa ya ce kowa da rabonsa.

Shawarar mai sauti ce ta fi tawa: mu dawo ranar da ba kowa, ba kyamara, na'urar naɗa kawai a aljihu da saninsa, mu ɗora muryar a kan hotunan ranar farko.

Talata, 11 ga Fabrairu

Mun je Kura, kan hanyar Zariya, saboda ba a maganar turkuɗi, wato rinannen ƙyalle mai ƙyalli, a tsallake garin da rawanin ɗan Kura ya samo suna. Mun ɗauki mabuga suna bugun ƙyalle a kan gungume da shuni har ya riƙa ƙyalli. Mai sauti ya naɗi bugun shi kaɗai na minti goma, kuma da muka saurara a mota muka yarda cewa ba ma bukatar sayen kiɗa, wannan bugun zai buɗe fim ɗin ya kuma rufe shi.

Gari ya washe tun jiya, don haka da yamma muka kira mai jirgi, aka sake hawa Dala. An samu.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Lissafi zuwa yau. Hayar kyamara ta biyu na kwana shida ta ci naira 150,000, mai da sufuri 210,000, abinci 96,000, goron masu hira da 'yan rakiya 120,000, faifan ajiya 170,000, makirufo 85,000, jirgi sau biyu 120,000. Jimla naira 951,000 daga cikin 1,100,000 da suka shigo, saura 149,000. Man janaretan ofis ne ya fi ba ni mamaki, domin kwamfutar tacewa ba ta jure ɗauke wuta, lita kuma ta kusa naira dubu. Har yanzu babu wanda ya karɓi ko sisi a cikinmu, kuma mai ɗaukar hoto yana da iyali. Na karɓi aikin ɗaurin aure na ranar Asabar, 22 ga wata, saboda haka.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Babin fatake ba shi da hoto. Muna da bayanin madugu da jagaba da zango, da hanyar Gwanja da ta Agadas, amma ba abin da za a nuna. Tsofaffin hotunan da ke yawo a intanet ba mu san masu su ba, wasu ma an rubuta Kano a ƙarƙashinsu alhali ginin da ke ciki ba na ƙasar Hausa ba ne. Na rubuta wa Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna ina tambayar abin da ke akwai da sharuɗɗan amfani da shi.

Mai tacewa ya kawo wata hanya. Cikin awa ɗaya ya sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta haɗa masa ayarin raƙuma yana shiga ƙofar gari, kuma na yarda abin ya yi kyau. Da muka ƙura ido sai muka ga ganuwar ta dutse ce, rawunan irin na wata nahiya ne, wani raƙumi kuma ƙafarsa biyar. Ko da an gyara waɗannan, damuwata ita ce abin ya yi kama da hoton gaske, kuma na san cikin mako guda wani zai yanke shi ya watsa a Facebook da sunan Kano a 1800. Za mu ba wani mai zane aikin zane shida da alƙalami, waɗanda kowa zai gane zane ne, da taswira biyu. Ya nemi naira 90,000, mun tsaya a 70,000.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Alhaji ya kira da kansa. Ya zo da wata tsohuwar basilla da wuƙar yankan fata na mahaifinsa a naɗe cikin tsumma, ya ce a buɗe tallar da su. Mun ɗauka a ofis cikin rabin awa, shi ya yi maganar da bakinsa. An miƙa aikin, ya biya naira 400,000, ya ce ragowar 200,000 sai bayan Sallah. Na raba 240,000 tsakaninmu.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Ɗaurin aure da safe. Da la'asar ni da mai sauti muka je wurin Baba ba kyamara, muka zauna har magariba. An sami minti talatin masu kyau.

Litinin, 24 ga Fabrairu

An naɗi muryar mai sharhi a ɗakin da muka lulluɓe da barguna. Mun tsaya a kan kalmomi irin su ayari da madugu da katsi, ko a sauya su da waɗanda matasa suka sani. Ba a sauya ba, hoto zai fassara su. Zubin farko ya kama minti 41, sai an zubar da goma sha ɗaya.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

An cika alkawari. Mun yi hayar majigi naira 25,000, muka nuna zubin farko ga marina da mutanen Kurmi su kusan talatin bayan sallar isha'i. Sun yi gyara uku. Mun kira wani rami da sunan wanda ba shi ne mai shi ba. Mun sa hoton rinin bature a daidai inda ake maganar baba, abin da kowane marini ya gane nan take daga launin kumfar. Mai sirdi kuma ya ce a cire inda ya ambaci farashi, domin kafin fim ya fito kuɗin ya canza. Baba bai ce komai a kan nasa ba, sai da za mu tafi ya tambaya ko za a iya tura wa 'ya'yansa a waya.

Ana sa ran ganin wata gobe ko jibi. Cikin azumi za a yi tacewa da dare bayan tarawihi, a karɓi zane a makon farko, a yi fassarar Turanci a na biyu, a kai fim ɗin hukumar tace fina-finai ta jiha kafin a sake shi. Tafiyar Kaduna tana jiran amsar wasiƙa da kuma ragowar kuɗin Alhaji. Abin da ke hannu yau naira 214,000, ban da kuɗin ɗaurin auren da ba a kawo ba tukuna.